Hancin Malam Zakariyya'u

A duk layinsu na Tudun Wada babu wanda bai san hancin Malam Zakariyya'u ba. Ba wani girma gare shi ba, hanci ne kamar na kowa, sai dai mai shi ya ɗauke shi tamkar digiri. Mutum ne da ya yi rabin rayuwarsa a masaƙa a Kakuri, da masaƙa ta mutu ya dawo gyaran keken ɗinki a ƙofar gida, amma in ka zauna da shi ba zancen zare zai yi maka ba. Daga bakin titi yake tsayawa ya shaƙi iska, ya ce yau gidan wane da man gyaɗan jiya ake suya, gidan wane kuma wake ya kama. Abin haushin, in an bincika sai a tarar gaskiyarsa ce.

Abu na biyu da yake taƙama da shi jininsa ne. Cewa yake tun da soja suka miƙa mulki suka koma bariki bai kwanta ciwo ba, ko a zamanin sojan ma sau ɗaya ne, shi ma yana zargin sammu. Don haka da korona ta shigo, gwamnati ta kulle gari, sai ya ce ai ciwon masu hawa jirgin sama ne, shi kuwa ko rakiya bai taɓa zuwa filin jirgi ba. Takunkumin da aka raba musu da shi yake goge man keke.

Na uku bai cika faɗa ba, don kada kanta ya kumbura. Miyar matarsa ce, Asabe. Shekara talatin da aure, 'ya'ya duk sun tashi sun bar musu gidan su biyu, amma har yau in ta kaɗa kuka ta jefa daddawa ta zuba man shanu, sai Malam ya ji dama bai yi fushi da kowa ba a duniya. Bai taɓa gaya mata ba. A ganinsa kwanon da yake dawowa a suɗe ya isa yabo.

To, maza a layin ciyayya suke yi. Bayan magariba kowa ya ɗauko kwanon gidansa, a haɗu a zauren Shehu mai faci, a jera, a ci na wannan a ci na wancan, a rufe da fura a kwarya ɗaya, ludayi ɗaya yana zagayawa daga baki zuwa baki. Dokar kulle ta hana taro, gaskiya ne, amma dokar ba ta san zauren Shehu yana da ƙyaure ba. Sai su tura shi su ci abinsu.

Farkon damina Malam ya tashi da ɗan ciwon kai da mura-mura, ya ce sauyin yanayi ne, bai ko kwanta ba. Bayan 'yan kwanaki, a zauren Shehu, ya gutsuri tuwo ya dangwali miyar Asabe ya kai baki. Shiru. Kamar auduga ya tauna. Ya kai hanci bakin kwano, nan ma shiru.

"Shehu, ɗanɗana min wannan."

Shehu ya ɗanɗana, ya ƙara. "Miyar gidanka ce, Malam, kamar kullum."

"Kai dai kara ce da kai."

Ya miƙa hannu kwanon Shehu, ya bi sauran kwanukan ɗaya bayan ɗaya, duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce anya, mata biyar za su lalace rana ɗaya? Malam Zakariyya'u kuwa da ya zargi hancinsa gara ya zargi duk matan Kaduna. Ya ce matan layin nan sun haɗa baki, sun fake da kulle suna tauye daddawa. Matan wasu dai ba shi da ikon faɗa a kansu, sai ya sauke a kan tasa.

"Tsufa ya kama hannun Asabe," in ji shi. "Wannan ko akuya aka ba, sai ta nemi gishiri."

Ya mayar da kwanon cikin gida a cike. Washegari ma haka, jibi ma haka. Wanda bai san zafin a dawo wa mace da kwano a cike ba, ya tambayi uwarsa.

Asabe da farko hannunta ta zarga. Ta canja daddawa, ta ƙara yaji, ta ɗanɗana da kanta ta ji miya lafiya lau. Amma Shehu ba ya iya ɓoye wa matarsa Ummi komai, Ummi kuwa in magana ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar ta je Kamazou, can ƙarshen gari, ta dawo. Ranar da aka ɗage kulle don mutane su sayo abinci, Malam ya shigo gida ya tarar da Asabe a tsakar gida, ta yafa mayafi, jaka a hannu.

"Ina zuwa?"

"An ce akuya ma sai ta nemi gishiri, Malam. Zan je in ba ta wuri."

"Yanzu gaskiyar ce ba a so?"

"Da a ɗakin nan ka faɗe ta, da na sha ta da ruwan sanyi. Zaure ka kai ni, gaban maza, ka tuɓe min zane a kan tukunya. Ban taɓa yin yaji ba tun ina da ƙarfin yi, yau da furfurata zan koya."

Ta tafi Unguwar Sanusi, gidan ƙaninta Abdulmalik, direban motar tumatir. Malam ya tsaya yana jiran ta juyo daga bakin lungu. Ba ta juyo ba.

Ya ce zai nuna mata girki ba karatun likita ba ne. Ya dafa shinkafa da kansa, ya ci, ya ji daidai take da miyar Asabe, babu daɗi babu rashin daɗi, ya ce ka gani ko. Haka ya yi ta tura abin da ya dafa ciki har sama da mako biyu, yana jin kansa gwani. Sai wata safiya yana neman ashana ya buɗe wani gwangwani a madafi, warin daddawa ya daki fuskarsa har ya ja da baya. Ya ce au, ashe ɓoye mai kyaun ta yi. Wallahi haka ya ce. Da rana ya dafa shinkafarsa kamar kullum, ya kai loma, a karon farko ya ji ainihin abin da yake ci: ƙauri, da kananzir, da gishiri kamar na jiƙa fata. Ya tofar, ya zauna ya yi tagumi. Kewar matarsa ta kama shi sosai, ta ciki da ta zuciya. Ya sa babbar rigarsa ya tafi biko.

Abdulmalik abokin wasansa ne, kamar yadda ƙanin mata yake ga kowane miji. Tun yana yaro yake kiran Malam da Sarkin Hanci, Malam yana kiransa Ruɓaɓɓen Tumatir. Ranar Malam ya same shi zaune a dakalin ƙofar gida, idanu jajur, bai tsokane shi ba.

"Yaya Asabe tana asibiti," in ji Abdulmalik. "Zazzaɓi ta fara da tari, muka ɗauka maleriya ce. Shekaranjiya numfashi ya gagara. Sun ce cutar nan ce, sun sa mata iska."

Tsoro ya shigi Malam, shi kuwa in ya ji tsoro faɗa yake yi.

"Lafiya lau ta bar gidana. Kai ne kullum kana hanyar Kano, ka kwaso tumatir ka kwaso annoba, ka zo ka juye wa 'yar'uwarka. In wani abu ya same ta, a wuyanka."

Ya jira martani, don Abdulmalik bai taɓa barin magana ta faɗi ƙasa ba. Mutumin ya sunkuyar da kai kawai, ya ce shi ma abin da yake ta tunani ke nan.

A asibiti ba a barin kowa ya shiga inda masu cutar suke. Malam ya roƙi wata nas ta kai wa Asabe waya. Ta tafi ta dawo da wayar a hannu.

"Baba, ta ce in gaya maka da ƙyar take samun numfashin, ba za ta ɓata shi a kanka ba."

Ya yi dariyar yaƙe, ya ce da sauƙi ke nan tunda baki na nan. Sannan ya fita waje. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne matar nan za ta iya tafiya tana fushi da shi, kuma ko ta tashi ba lallai ta dawo gidansa ba.

Ma'aikatan lafiya suka bi duk wanda ya zauna da ita, suka zura musu tsinke mai auduga a hanci. Malam ya sha wannan wulaƙancin da haƙuri, ya ce hanci irin nasa ba a saba yi masa haka ba. Sakamako ya fito: Abdulmalik yana ɗauke da ƙwayar cutar, aka killace shi a gida. Malam Zakariyya'u babu komai. Kai, ranar layin Tudun Wada ya ji jiki. Duk wanda ya gifta sai an tsayar da shi an ba shi labarin jinin da cuta take gani ta canja hanya.

Likitar da ke kula da Asabe, Dakta Judith, 'yar Filato ce, Hausa a bakinta kamar ta Zariya. Suna wani bincike a asibitin, suna gwada jinin marasa lafiya da na iyalansu, ga wanda ya yarda. Ba ta rufe baki ba Malam ya naɗe hannun riga.

"Ɗibi da yawa, 'yata. In ya yi saura ki raba wa marasa lafiya."

Da sakamakon ya fito ta kira shi ofis shi kaɗai, ta rufe ƙofa. Ya zauna ya harɗe ƙafa yana jiran yabo.

"Baba, gwajin hanci ɓarawo yake nema a cikin gida," ta ce. "In ɓarawon ya riga ya fita, ba zai gan shi ba. Gwajin jini kuwa masu gadi yake dubawa. In ƙwayar cuta ta shiga mutum, jiki yakan ƙera mata sojoji nata na kanta, waɗanda ba sa faɗa da kowa sai ita. Ba a ƙera su sai ta shigo. Akwai na farko, masu fitowa da wuri su janye da wuri. Akwai na baya, masu zuwa a makare su daɗe a jini."

"To ni nawa ba su ga abin faɗa ba."

"Naka na baya ne cike da jinin. Na farkon har sun soma janyewa."

Malam ya sauke ƙafarsa. "Mu da aka ce mana soja ya koma bariki, ashe a jinina suka tare? Uban wa ya gayyace su?"

"Cutar ce ta gayyace su. Ka yi ta, Baba, ka warke, makonni da suka wuce. Ba ka yi wani zazzaɓi ba, ko mura?"

"Mura-mura dai, ta sauyin yanayi."

"Ƙamshi fa? Akwai lokacin da ka daina jin ƙamshi, ko abinci ya zame maka lami? Tana yi wa mutane da yawa haka, wasu ma shi kaɗai ne alamarsu."

Fanka tana juyawa a sama. Malam ya kalli fankar kamar ita aka tambaya. Kwanon nan ya dawo masa, a cike, yadda ya dire shi a ƙofar ɗakinta, da kwanukan mutum huɗu da ya bi ya ce duk ba su da daɗi. Kunya ta rufe shi tun daga tafin ƙafa.

"Abdulmalik fa?" ya tambaya a hankali.

"Sakamakon wani ba naka ba ne, shi zai gaya maka in ya so. Abin da zan iya ce maka, a cikin duk waɗanda suka zauna da Mama, kai ne ka riga kowa. Ba zan rantse kai ka sa mata ba, jini ba ya faɗin wa ya ba wa. Amma lokacin da ta bar gidanka, kai kana tsakiyar taka cutar."

"Ita nata sojojin fa? Ko ba ta da su ne ta kwanta haka?"

"Ta fi ka nesa ba kusa ba, na farko da na baya duk sun fito. Sai dai yawan soja a titi ba alamar zaman lafiya ba ne, kai ɗan Kaduna ne, ka fi ni sani. Sau da yawa wanda cutar ta fi jijjigawa shi ne jikinsa yake tara runduna haka, wani lokacin ma faɗan da jiki yake yi shi ke ƙara wahalar da huhu. Ba da wannan kaɗai muke aunawa ba, numfashinta muke kallo, shi kuwa jiya ya fi shekaranjiya. Ka ci gaba da addu'a." Ta miƙe. "Wannan maganar tsakanina da kai ce. Babu wanda zai ji daga bakina."

A hanyar gida shaiɗan ya rako shi har gadar layinsu, yana ba shi shawara mai kyau. Likita ta ce ba za ta faɗa ba. Layi duk ya san jininsa tas yake. Abdulmalik ya riga ya karɓi laifi, bai ma yi gardama ba. In Asabe ta tashi sai a je biko da turmin atamfa, a ce sharrin shaiɗan ne, a wuce wurin. Shawarar ta yi masa daɗi ƙwarai, kada in yi masa ƙarya. Abin da ya ɓata ta, yana shiga lungu hancinsa ya kamo ƙamshin miyar kuka daga wani gida, mai kyau, amma ba ta kai ta Asabe ba, ko kusa.

Ciyayya ta watse tun da biyu daga cikinsu suka kwanta, ludayin furar ma an rataye shi. Ya sami Shehu shi kaɗai a bakin zaure, ya tsaya daga nesa.

"Shehu, zan gaya maka magana."

"Ba mai ji, Malam."

"A'a. Wannan so nake a ji. Kana shiga gida ka gaya wa Ummi, kada ka rage komai. Ka ce miyar Asabe ba ta taɓa canjawa ba, hancina ne ya mutu. Cutar nan da na ce ta masu jirgi ce, ni na fara yin ta a layin nan, ina zaune a zaurenka ina shan fura da ludayinku. Ka ce Abdulmalik ba shi ya kawo ba. Zancen akuya kuma, ka ce an gano akuyar."

Shehu ya dube shi. "In ce mata ta yi shiru da shi?"

"Ka ce mata sirri ne. Ya fi saurin tafiya."

Abdulmalik kuwa Malam ya kira shi da kansa a waya, ya faɗa masa, ya nemi gafara. Can aka ja hanci, sannan murya ta ce, "Allah ya isa, Sarkin Hanci." Malam bai taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba.

Yadda maganar ta tsallake masu gadi da ƙofofin gilashi ta isa gadon Asabe, wannan sai Ummi. An dai ce wata mai shara a asibitin 'yar ƙanwar maƙwabciyar Ummi ce. Asabe ba ta aiko da amsa ba. Da aka cire mata iska ba ta neme shi ba, da aka sallame ta Unguwar Sanusi ta koma. Malam ya yi ta zarya, yana zama a dakali, ana ce masa tana barci. Layi kuwa ya samu abin yi, yara har waƙa suka yi wa hancinsa, ya haɗiye.

Sai wata la'asar ya dawo daga masallaci ya ga hayaƙi yana tashi daga tsakar gidansa. Asabe tana zaune gaban murhu a kujerar tsugunno, ta rame, zanen ya yi mata yawa, tana kaɗa miya a hankali tana hutawa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama kamar baƙo.

"Shigo nan, Malam."

Rabonsa da tsayawa kusa da murhu tana girki, shi kansa ba zai tuna ba. Ya matso. Ta ɗebo miya a ludayi ta miƙa masa.

Ya kurɓa. Gishiri ya yi yawa, yawan da ba a taɓa yi ba a gidan nan.

"Ta yi," ya ce. "Ta yi sosai."

Ta dube shi. "Ka ci mutuncinta lokacin da ba ta yi laifi ba. Kada ka yabe ta yau da ta yi. Ba na jin ɗanɗanon komai, Malam, tun a asibiti. Likita ta ce zai iya dawowa, zai iya daɗewa. Faɗa min gaskiya."

"Gishiri ya yi yawa."

"To miƙo ruwa."

Ya miƙo, ta ƙara, ta juya. Sai ta ɗauki gwangwanin daddawar nan, wanda ya ce ta ɓoye, ta buɗe ta kai hanci, ta daɗe a haka. Ya ga yadda ta rufe shi ta ajiye a hankali. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

Miya ta tafaso, tururi ya tashi ya bi fuskokinsu su biyu.

"Yaya take ƙamshi?" ta tambaya, ba ta kalle shi ba.

Mutumin da ya shekara talatin yana ba layi labarin tukwanen matan mutane ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai kama. Ta jira shi. Sai ya tattare babbar rigarsa, ya jawo ɗaya kujerar ya zauna kusa da ita cikin hayaƙin, ya fara mata daga daddawa.